Binciken jami'o'i kan cututtukan yara: muna cin moriyarsa ko da 'ya'yanmu kawai ake gwaji?

Tambayar ta fito ne daga wani malamin firamare a Daura, uban yara huɗu. Ya ce yana yawan ji a rediyo cewa jami'o'in Ingila da Amurka na bincike kan cututtukan da yara ke ɗauka, amma shi bai ga abin da ya canja ba, tunda duk damina sai ya kwana asibiti da yaro. Kwanan baya kuma wasu ma'aikatan lafiya suka shigo unguwarsu da takarda, suna neman iyaye su sa hannu a ɗebi ɗan jinin yara don wani nazari. Abokan majalisarsa suka ce kada ya kuskura, gwaji ake yi da 'ya'yan talakawa. Shi ne yake son jin gaskiyar magana daga bakin likita.

Malam, Allah ya raya mana zuri'a. Ni likitan yara ne, a nan Katsina nake aiki, kuma wannan magana taka na sha jin ta daga bakin iyaye a bakin gado. Bari in fara da abin da nake gani da idona, sannan mu zo kan takardar.

Ka shigo ɗakin yara a watan Satumba. Uwa ce za ta faɗo da ɗanta ɗan shekara biyu a saɓe, jiki zafi rau, yana jijjiga, ido ya kafe, tafin hannunsa fari fat saboda jini ya ƙone. Lokacin da nake koyon aiki, kwinin muke zuba wa irin wannan yaro a cikin ledar ƙarin ruwa. Sai ya ɗiga a hankali na awa huɗu, mutum na tsaye yana gadi kada sukarin jikin yaron ya faɗi, bayan awa takwas kuma a sake ɗaurawa. Yau allurar atesunet muke yi masa a jijiya, cikin 'yan mintoci an gama. Wannan sauyi ba daga son ran wani likita ya zo ba. Masu bincike daga Jami'ar Oxford da Jami'ar Mahidol ta Tailan ne suka haɗa kai da likitocin ƙasashen Afirka tara, har da na Ilorin, suka bi yara 5,425 masu matsanancin zazzaɓin cizon sauro. Rabi aka ba su kwinin, rabi atesunet. Sakamakon ya fito a 2010: cikin masu kwinin kusan 11 a cikin ɗari suka rasu, cikin masu atesunet 8.5. A takarda kamar ba wani yawa, amma ka lissafa: cikin kowane yara dubu da aka kwantar, sama da ashirin ke nan suka koma gida a bayan iyayensu maimakon a kai su makwanci. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'ida. Idan ɗanka ya taɓa kwanciya da wannan zazzaɓi a shekarun nan aka yi masa wannan allura, to kai ma ka ci moriyar iyayen Ilorin da suka sa hannu a irin takardar da aka kawo maka.

Asalin abin da ake kira bincike a wannan fanni ba wani sirri ba ne, ƙirge ne da kwatance. Manomin da ke son ya san wane irin gero ya fi ba zai shuka ɗaya a jigawa ɗaya a fadama sannan ya yanke hukunci ba. Gona ɗaya zai raba, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, da kaka ya ƙirga dammuna. Haka ake yi da magani. Ƙuri'a ce ke raba yara gida biyu, don kada likita ya zaɓi masu ƙarfi-ƙarfi ya ba su sabon magani ya ce ya yi aiki. Sannan akwai wani kwamiti na daban, wanda ba ya cikin masu binciken, yana leƙa alƙaluma lokaci-lokaci, kuma yana da ikon tsayar da aikin idan ya ga wani ɓangare na cutuwa.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A aikinmu na koyi cewa wani lokaci ido kan yaudari ko da ƙwararren likita. Shekara da shekaru, idan aka kawo yaro da zazzaɓi mai tsanani, hannu da ƙafa sun yi sanyi, jini ba ya gudana sosai, abin da littafi ya koya mana shi ne a buɗe masa ruwa da sauri. Kuma muna gani da idonmu yana farfaɗowa, bugun jijiya ya dawo, uwa ta yi hamdala. Sai wata likita daga Kwalejin Imperial ta Landan, Kathryn Maitland, da abokan aikinta na Yuganda da Kenya da Tanzaniya suka ce a auna. Yara 3,141 aka bi. A farkon 2011 kwamitin sa ido ya tsayar da aikin tun bai ƙare ba, domin cikin waɗanda aka buɗe wa ruwa da sauri sama da 10 a cikin ɗari ne suka rasu a kwana biyun farko, cikin waɗanda aka bi a hankali kuwa kusan 7. Wato abin da muke yi da kyakkyawar niyya, muna ganin kamar ceto ne, yana ƙara asarar rai. Ranar da na karanta wannan sakamako jikina ya yi sanyi, na riƙa tuno fuskokin yaran da na buɗe wa ruwa da hannuna. Ba domin an ƙirga ba, da har yau haka muke yi. Amma a lura, wannan bai shafi yaron da gudawa ta tsotse wa ruwan jiki ba, shi kam ruwa ne maganinsa, kuma da gaggawa.

Ita kanta gudawar tana da nata tarihin. Ruwan gishiri da sukari da kowace uwa ta sani a yau daga ɗakunan binciken kwalara na Dhaka da Kalkata ya fito a shekarun 1960, bayan an gano cewa hanji na tsotsar gishiri da ruwa idan akwai sukari tare da su, ko da cutar na ci. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare wa wani likitan Indiya, Dilip Mahalanabis, a sansanin 'yan gudun hijira. Ya haɗa wannan ruwa a durom ya sa 'yan uwan marasa lafiya suna ɗura musu da kofi, mace-mace suka sauko daga kusan 30 a cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. A nan gida Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda shi ma likitan yara ne, ya yaɗa shi lungu-lungu lokacin da yake ministan lafiya. Ƙwayar zinki da ake haɗawa da shi ta kwana goma zuwa sha huɗu an tabbatar da ita a 2004. Ƙwayar cutar rota kuwa, wadda ke kan gaba wajen gudawar jarirai, wata mai bincike ce a asibitin yara na Melbourne a Ostireliya, Ruth Bishop, ta gano ta a 1973, kuma sai a watan Agusta na 2022 ɗigon rigakafinta ya shiga jadawalin Najeriya.

Wannan ɗigo na rota ya amsa wani ɓangare na tambayarka: me ya sa ba za su gama gwajinsu a can ba, sai sun zo nan? A Turai da Amurka ya kare yara daga matsananciyar gudawa kusan gaba ɗaya. Da aka auna a Malawi, kusan rabi kawai ya kare. Jikin yaron da ke fama da tamowa, yana shan ruwan rijiya, hanjinsa cike da wasu ƙwayoyin, ba ya amsa rigakafi kamar na yaron Landan. Duk da haka, saboda yawan cutar a wurinmu, rabin nan ya fi ceton rayuka. Ba yadda za a san wannan sai an auna a cikin yaranmu. Zazzaɓin cizon sauro kuma babu shi a Ingila balle a gwada a kan yaransu. Abin da suka yi shi ne, kafin allurar rigakafin zazzaɓin mai suna R21 ta taɓa jikin jaririn Afirka, manyan mutane 'yan sa kai a Ingila ne suka karɓe ta, wasunsu har suka miƙa hannu sauro mai ɗauke da cutar ya cije su da gangan don a ga ko ta kare su. Daga nan aka je Nanoro a Burkina Faso, inda Farfesa Halidou Tinto ya jagoranci gwaji da yara 450, aka samu kariya ta kusan kashi 77 cikin ɗari a shekarar farko. Aka faɗaɗa zuwa yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoban 2023, Najeriya ta fara bayarwa a Disamban 2024 daga jihohin Kebbi da Bayelsa. Wadda ta riga ta, RTS,S, ta ɗauki sama da shekara talatin daga fara aikinta a 1987 zuwa amincewa da ita a 2021.

Wani abu da mutanenmu da yawa ba su sani ba, ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun yi dogon aiki a Malumfashi, suna bin ƙauyuka gida-gida, suna rubuta haihuwa da mutuwa, suna nazarin tsargiya da zazzaɓi da sanƙarau har da saran maciji. A daidai lokacin Brian Greenwood, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masanan zazzaɓin cizon sauro a duniya, yana Zariya yana aiki kan sanƙarau, ya yi kusan shekara goma a can. Shi ne kuma, tare da masu bincike na Sanagal da Mali da Gambiya da Burkina Faso, suka tsaya kan tunanin cewa tunda zazzaɓin yankinmu na damina ne, a ba yara magani wata-wata tun kafin su kamu. Gwaje-gwajen suka nuna ana rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu. Aka amince da tsarin a 2012, kuma a Najeriya jihar Katsina na cikin inda aka fara shi a 2013. Matan nan masu hijabi da ke shiga gida-gida daga Yuli zuwa Oktoba da ƙwayoyi da kati, don yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, ƙarshen wannan dogon bincike ne ya ƙwanƙwasa maka ƙofa.

To amma ba zan ce maka tsoron abokan majalisarka ba shi da tushe ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996 annobar sanƙarau ta kama sama da mutum dubu ɗari a Najeriya, ta kashe fiye da dubu goma sha ɗaya. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, da yara kusan 200, rabinsu aka ba Trovan, rabi kuma wani maganin da aka saba da shi. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba, aka kuma yi ta ƙorafi kan takardar izinin da aka nuna. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan ba maganin ba. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ɓarnar ba ta tsaya kan waɗancan yara ba. Da aka zo 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohin arewa, sunan Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, kuma cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe kusan ashirin. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Duk lokacin da na ga matashi na jan gindi a bakin kasuwa, shekarunsa sun yi daidai da wancan lokaci, raina kan sosu, domin amana ce aka karya, yara suka biya.

Bayan wannan an ɗaure abubuwa da dama. Najeriya na da kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, da kundin ƙa'idoji tun 2007. Asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya na jihohi na da kwamitocinsu, kuma gwajin sabon magani sai da izinin NAFDAC. Doka a takarda ba ta isa ba sai iyaye sun san haƙƙinsu, shi ya sa tambayarka ta yi mini daɗi.

Ka ce ba ka ga canji ba, duk damina kana asibiti. Ban musa maka ba. A duniya baki ɗaya yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ke mutuwa a shekara sun sauko daga sama da miliyan 12 a 1990 zuwa ƙasa da miliyan 5 a 2022, amma kaso mai nauyi na abin da ya rage a ƙasarmu yake, musamman arewa. Najeriya kaɗai na ɗauke da kusan rubu'in masu zazzaɓin cizon sauro na duniya. A ganina matsalarmu a yau ba ƙarancin ilimi ba ce, tazarar da ke tsakanin abin da aka sani da bakin yaro ce. Maganin damina na kwana uku ne. Ma'aikaciya ta ba da na ranar farko a gabanta, ta bar wa uwa na kwana biyu. Ƙwayar rawaya tana da ɗaci, yaro ya tofar, uwa ta ajiye sauran a cikin kwalla ta ce sai ya yi zazzaɓi. Na sha sa uwa ta kwance bakin zaninta in ga ƙwayoyin wata biyu a ƙulle, ɗanta kuma na kwance ana neman jinin da za a ƙara masa. Mashaƙon da ya addabi Kano da Katsina da maƙwabta tun ƙarshen 2022 ba sabuwar cuta ba ce, rigakafinsa ya girmi kakanninmu da yawa, yana cikin allurar da ake yi a sati shida da goma da sha huɗu. Mafi yawan yaran da ya shaƙe ba a yi musu ba ne. Ƙyanda ma haka, allura a wata tara da wata goma sha biyar. Sai ka haɗa da tamowa, wadda ke mayar da ƙaramar cuta ta zama ajali, da rashin tsaro da ya hana ma'aikata shiga wasu ƙauyuka.

Masu bincike ba su tsaya ba. Wani babban nazari da Jami'ar Johns Hopkins ta jagoranta a ƙasashe bakwai, wanda ya fito a 2019, ya nuna kusan kashi 60 cikin ɗari na matsanancin ciwon haƙarƙari a yara bairos ne ke kawo shi, ba bakteriya ba, wato maganin kashe bakteriya da ake saye a kemis ba ya taɓa shi. A Jamhuriyar Nijar, maƙwabtanku, Jami'ar Kalifoniya ta San Francisco ta gwada ba yara azitiromaisin, wani maganin kashe bakteriya, sau biyu a shekara, mace-mace suka ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari, sai dai ana fargabar ƙwayoyin cuta su saba da maganin. Wannan sabo da magani shi ne abin da ya fi hana ni barci. Wani nazari na Jami'ar Cardiff kan jarirai sabbin haihuwa, wanda aka yi har da asibitocin Kano da Abuja, ya nuna yawancin ƙwayoyin da ke shiga jininsu sun daina jin wasu daga cikin magungunan da muka dogara da su tun da. A gabashin Afirka kuma an fara ganin ƙwayar zazzaɓin da ke jinkirin mutuwa da maganin atemisinin, tushen atesunet ɗin nan. Ta ɓangaren daɗi, allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar da aka gwada a Mali da Gambiya, Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da ita a 2024. Wanda ya ga 2017, lokacin da nau'in C ya ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina alhali allurar da aka yi wa jama'a a baya ta nau'in A ce kawai, ya san darajar wannan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin namu ƙirgen. Na taɓa aiki a wani asibiti inda za mu yi wata da watanni babu kwalbar shuka jini ta gano ƙwayar cuta, jariri na zazzaɓi muna ba shi magani da ka, ba mu san wace ƙwaya muke yaƙa ba. Yaro ya rasu a ƙauye a binne shi kafin azahar, babu inda aka rubuta abin da ya kashe shi. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ta Dutsin-Ma, da Al-Qalam, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, cike da matasa masu ƙwaƙwalwa. Tambayoyin da suka fi damun mu, kamar me ya sa uwa ke ajiye ƙwayar rana ta biyu, ko wace ƙwayar cuta ce ke kashe jarirai a Daura da Mai'aduwa da Baure, babu wanda zai taso daga Landan ya amsa mana su yadda ɗan gida zai yi. Kuma ɗan gidan ma sai ya zo maka da takarda ya nemi ɗigon jini.

Saboda haka idan suka dawo, kada ka kore su, kada kuma ka sa hannu a tsaye a ƙofar gida. Ka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Ka tambaye su daga wace jami'a ko asibiti suke, wane ne shugaban aikin, su nuna maka takardar amincewar kwamitin ɗa'a da ta ma'aikatar lafiya ta jiha. Mai unguwa da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma sun san da zuwansu? Jini kawai za a ɗiba a auna, ko akwai abin da za a ba yaro ya sha ko a yi masa allura? Idan akwai, sabo ne ko wanda aka riga aka amince da shi? Jinin nawa ne, ina za a kai shi, za a dawo maka da sakamako? Yawancin irin wannan nazari na unguwa ɗigo ne daga yatsa, ko abin da bai wuce ƙaramin cokalin shayi ba, kuma jikin yaro na mayar da shi ba tare da wata illa ba. Idan wani abu ya samu yaro, wa zai ɗauki nauyin magani, wace lamba za ka kira da dare? Haƙƙinka ne a karanta maka takardar da Hausa, a bar maka kwafi, a ba ka lokaci ka yi shawara da mahaifiyar yaran, domin ita ce za ta riƙe yaron lokacin da ake tsira masa allura. Haƙƙinka ne ka ce a'a, ko ka janye daga baya, ba tare da an hana ɗanka magani a asibiti ba. Mai aikin gaskiya zai ji daɗin waɗannan tambayoyi ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fara hanzari, ko ya ce sa hannu kawai ba komai, ko ya sa kuɗi a gaba don ya rufe maka baki, ka sallame shi ka sanar da jami'in lafiya.

Tunda kai malami ne, idan an bar maka kwafin, ka kai shi majalisa ku karanta tare, abin da ya shige muku duhu ku rubuta ku kai wa likitan yara a asibitin Daura. Kafin nan ka ce wa maman yara ta ɗauko katin rigakafin autanku, ku duba layin sati goma sha huɗu da na wata tara da na wata goma sha biyar, in akwai gurbin da ba a cike ba ku kai shi ranar allura mai zuwa, ko da shekarunsa sun ɗan wuce.